Gargaɗi ga Mutanen Mafara, Bakura da Maradun: Infoman da Ke Cikin Aljihunka

Jama'ar Talata Mafara da Bakura da Maradun, da 'yan'uwanmu mazauna Gusau, Sakkwato, Kaduna, Abuja ko Legas waɗanda iyayensu ke nan gida: a karanta wannan yau, kada a bari sai gobe, a kuma karanta wa wanda bai iya karatun boko ba. Magana ce a kan wayar da ke hannunka yanzu haka.

A wasu garuruwa, in mutum ya yi sakaci da sirrinsa a intanet, iyakar abin da zai rasa kuɗi ne, ko ya sha kunya ta kwana biyu. Mu a nan lissafin ya wuce haka. Hoto ɗaya ko kalma biyu a Facebook na iya zama sanadin da za a buga maka ƙofa da ƙarfe biyun dare.

Ba sai an tuna mana shekarar 2021 ba, amma bari a tuna. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe. Tsakiyar Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai 15 da wasu ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗebi yara fiye da 70 a sakandaren Kaya ta Maradun. Kowace ƙaramar hukuma cikin ukun nan ta samu rabonta a shekara guda. Bayan na Kaya da kwana biyu, ranar 3 ga Satumba, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a duk faɗin Zamfara bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle. Gusau an dawo mata da sabis a farkon Oktoba. Mu sai da muka kwashe kusan wata uku. Masu POS suka rufe rumfuna, kasuwannin mako suna kulle, aka koma rubuta wasiƙa ana ba direba a tasha kamar zamanin kakanninmu. Wanda matarsa ta haihu sai ya shiga mota ya fita jihar kafin ya sanar da surukansa.

Me ya sa gwamnati ta yarda ta kashe kasuwancin jiha sukutum? Saboda labari. Ɗan bindiga yana da bindiga, yana da babur, yana da daji. Abin da ba shi da shi shi ne sanin wa ya sayar da shinkafa jiya, wane gida ne ɗansu ke aiki a Abuja, wace rana Alhaji zai bi hanyar Lambar Bakura. Wannan sai ya saya, kuma wurin infoma yake saye. Shi ya sa a watan Yunin 2022 aka sa hannu a dokar jiha da ta tanadi hukuncin kisa har ga mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Kullum muna tsine wa infoma a masallaci da majalisa, kuma ya cancanci tsinuwar. Sai dai fa yau rabin abin da ake biyan infoma ya kawo, mu da kanmu muke ɗora shi a waya kyauta, har muna jiran a danna mana alamar so.

Ga misali da na gani da idona wata Talata. Wani dattijo ya sayar da shinkafarsa ta noman rani ta Bakolori, aka kawo kuɗin gida aka zube a tabarma ana ƙirgawa. Ɗansa, saurayi mai hankali wanda ba ya shaye-shaye ba ya yawon banza, ya ɗaga waya ya ɗauki bidiyo na daƙiƙa goma sha biyar, ya ɗora a sitatus, ya rubuta godiya ga Allah. Niyyarsa kyakkyawa ce. Amma da na karɓi wayar muka sake kallo tare, sai ga launin ƙofar gidan, ga hasumiyar masallacin unguwa ta bayan katanga, ga lambar babur ɗin da ke jingine, ga ƙanwarsa ta gifta da rigar makaranta, bajenta na karantuwa. Na ce masa ya buɗe jerin waɗanda suka kalla ya gaya mini ko ya san fuskar kowa. Bai kai rabi ba ya yi shiru. Akwai wanda suka haɗu sau ɗaya a mota suka yi musayar lamba, akwai wanda ya taɓa sayen taki a hannunsa, akwai lambobi biyu da ya adana da sunan gari kawai. Ya goge bidiyon, amma wanda ya riga ya sauke ya sauke.

Irin wannan ba ya ƙirguwa. Katin ɗaurin aure da ke ɗauke da rana da wuri da garin da za a kai amarya, a watsa shi a Facebook inda kowa ke gani. Bidiyon akwatunan lefe ana ɗaga sarƙar gwal ɗaya bayan ɗaya. Hoton sabuwar mota da lambarta a fili. Mutum ya zauna a tashar Mafara ya rubuta cewa yana hanyar Gusau a sa shi a addu'a, ya faɗi mota, ya faɗi lokaci. In addu'a kake so, kira mahaifiyarka, tata ta ishe ka. In dole sai ka ɗora hoton tafiya, bari sai ka isa ka kwana. Mafi muni a ganina shi ne hoton ɗan'uwa da ya samu kaki, soja ko ɗan sanda ko ɗaya daga askarawan da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024, a ɗora fuskarsa da cikakken sunansa da sunan ƙauyensu ana taya murna. Shi yana da bindiga a bakin aiki. Tsohonsa da ke kwana a Faru ko Damri ko Morai ba shi da ita.

Ku kuma 'yan'uwa na birni, yawancin wannan aikin naku ne. Kana zaune a Abuja cikin gida mai maigadi, ka ɗora hoton ɗakin da ka gina wa Inna a ƙauye, ka rubuta sunan ƙauyen don duniya ta san kai ɗan halak ne. Allah ya saka maka da alheri a kan ginin. Amma ka sani ka rataya wa tsohuwar farashi a wuya, kai kuma ka koma ka yi barcinka.

Akwai abin da waɗanda Allah ya kuɓutar daga daji ke maimaitawa: abu na farko da ake karɓa a hannunka waya ce, kuma a gabanka za a sa ka buɗe ta. A duba saƙonnin banki, a ga abin da ya shiga da abin da ya rage. A duba hotuna. A bi sunayen da ka adana: Yaya Kwastan, Kawu Sanata, Alhaji Mai Gwal, Anti Landan. Kana rantsuwa kai talaka ne, wayarka na ƙaryata ka, kuma ita za a yarda da ita. Ko da Kawu Sanatan nan rabonka da shi shekara biyar, ko ma ba kawunka ba ne ɗan garinku ne kawai, kuɗin fansarka ya riga ya hau. Saboda haka tun yau a goge saƙonnin banki da zarar an karanta, a adana mutane da sunansu na yanka ba da muƙaminsu ba, wanda kuma ke yawan bin hanya ya nemi ƙaramar waya ta tafiya wadda babu komai cikinta sai lambobin da ba makawa.

Idan kuma ƙaddara ta riga ta faɗa, a yi hattara da shelar neman taimako. Na san zafin abin. Wanda aka ba wa'adin kwana uku ba ya jin nasiha, kuma ba ni da bakin zargin uban da ya miƙa hannu ga jama'a don ya ceto ɗansa. Amma a sani cewa waɗanda ke riƙe da shi su ma suna da waya, suna karanta abin da ake rubutawa, suna ganin wane babban mutum ya ce zai taimaka. A Janairun 2024, lokacin da aka yi ta tara kuɗi a soshiyal midiya don wasu 'yan mata 'yan gida ɗaya da aka sace a yankin Bwari na Abuja, sai da ministan tsaro na lokacin, Muhammad Badaru Abubakar, ya fito ya gargaɗi jama'a a kan tara kuɗin fansa a bainar jama'a. Ga kuma 'yan damfara da ke kwafe hoton wanda aka sace su liƙa lambar asusunsu a ƙasa. Neman taimako baki da baki cikin dangi da amintattu ya fi jinkiri, amma ba ya ƙara wa na daji kwaɗayi.

Wani abin kuma ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Tun 2024 ake ganin 'yan bindiga a TikTok, da kakinsu da bindigoginsu da ɗaurin kuɗi, suna shiri kai-tsaye suna cewa a turo lambar asusu za su yi rabo. Kuma ana turawa! Yaro ya rubuta sunansa cikakke da bankinsa da lambarsa a ƙarƙashin bidiyon ɗan ta'adda, yana ranka ya daɗe. Kuɗin nan na wa ne? Na wanda ya sayar da gonarsa da shanun nomansa ne, wataƙila ma maƙwabcinka. Bayan haramcin, ka ba shi sunanka, ka buɗe ƙofar hira tsakaninku, kuma ta irin wannan ƙofar ake fara tambayar yaro labarin garinsu. Sannan tun Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta ayyana waɗannan mutane a matsayin 'yan ta'adda a hukumance. Ranar da aka bi sawun kuɗin aka tarar dubu biyar ta sauka a asusunka, ba za ka samu mai sauraron cewa wasa kake yi ba.

Wannan ya kawo mu ga sunanka kansa, wanda yanzu ya zama haja. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layin waya da lambar NIN, kamar yadda aka ɗaure kowane asusun banki da BVN tun bayan fito da ita a 2014. Ma'anar wannan a sauƙaƙe: duk abin da aka aikata da layin da ke kan NIN ɗinka, kai ka aikata har sai ka wanke kanka. Amma har gobe za ka ji mutum ya ce, ai yaron nan ba shi da NIN ne na yi masa rajistar layi da nawa. Wane yaro? Ina yake yanzu? Wa ya karɓi layin daga hannunsa? In da wannan layin aka kira aka yi cinikin kuɗin fansa, hoton da zai fito a kwamfutar jami'an tsaro naka ne. Haka mai ba da aron asusu don a turo wa wani kuɗi a ba shi na goro. Bai tambayi kuɗin mene ne ba, kuma ranar da za a tambaye shi ba a cikin daɗi za a yi ba.

Ku lura da masu zuwa da sunan rajistar tallafi. Za ka gan su ƙarƙashin bishiya ko a zauren wani gida, da waya babba ko kwamfuta, mata sun yi layi da goyo. A karɓi takardar NIN, a karɓi BVN, sannan a ɗaga waya saitin fuskarki a ce Hajiya kalli nan, juya hagu, ƙifta ido. A miƙa miki dubu biyu a ce somin-taɓi ne, sauran na tafe. Wannan juya kai da ƙifta ido shi ne yadda bankunan waya ke tabbatar da cewa mai buɗe asusu rayayyen mutum ne. Wato an buɗe asusu da sunanki a gabanki, mabuɗinsa kuma na hannun wani. A watan Yulin 2025 hukumar EFCC ta ce akwai matasa kusan 12,000 a faɗin ƙasar nan da suka mayar da wannan sana'a, suna sayen bayanan mutum a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar a kan kusan 5,000. Duk wanda ya zo rajista, a tambaye shi wace hukuma ta turo shi, ina takardarsa, shin hakimi ko mai unguwa ya san da zuwansa. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Yankinmu kuwa ya fi ko'ina daɗin wannan damfara, saboda dalilin da kowa ya sani. Cikin gwamnoni huɗu da suka mulki Zamfara daga 1999 zuwa 2023, uku daga nan suke: Ahmad Sani Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Mafara, Matawalle daga Maradun. Mun saba da jin cewa babban mutum na rabon abinci da azumi ko kuɗi da salla, don haka in saƙo ya shigo WhatsApp da hoton wani babba, an ce latsa nan ka cike fom ka tura wa mutum goma, ba ma ko tsayawa tunani. Ɗan damfara ba ya buƙatar izinin kowa kafin ya ɗauki hoton babban mutum ya buɗe shafi da sunansa. Rabon gaskiya ta hannun mutanen da ka sani yake biyowa, ba kuma ya neman lambar katin ATM ɗinka.

Don adalci, ba duka laifin namu ba ne. A watan Yunin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa wasu shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na 'yan Najeriya a kan naira 100 kacal, alhali tun Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, har da hukumar da aka kafa don ita. Rumbun gwamnati ma yana yoyo ke nan. To amma wanda rufin ɗakinsa ke zuba ba ya ƙara da barin ƙofa a buɗe.

Yanzu ga wanda ya ci gidanmu. Wani kawuna, manomin rani, mutum mai tsantseni da ko bashin gishiri ba ya kwana da shi, aka kira shi bayan la'asar. Mai kiran ya yi sallama cikakkiya, ya gaishe shi da gajiya da iyali, ya ce daga ƙungiyarsu ta manoma ne, za a yi taro ta waya da ƙarfe takwas a kan rabon taki, an turo masa lambar shiga taron, ya karanto don a sa sunansa. Kawu ya sa tabarau ya karanto lambobi shida. Kafin magariba WhatsApp ɗinsa ya fita daga wayarsa ya koma ta wani. Kafin isha duk wanda ke da lambarsa ya samu saƙo da sunansa da hotonsa: ina cikin wata matsala, ba na iya magana yanzu, turo mini dubu hamsin ta wannan asusun zuwa gobe. A Kano wataƙila a yi tsaki a wuce. A ƙasar da kowa ya san abin da "ba na iya magana yanzu" ke iya nufi, hantar mutane ce ta kaɗa.

Na same shi a ƙofar gida yana juya wayar a hannu.

"Kawu, wa yak kira ka?"

"Wallahi ɗana, yaron ya san sunan shugabanmu, ya san ranar da munka yi taro na baya. Ƙaƙa zan ce ɓarawo na?"

Ya san su ne saboda ya riga ya ƙwace WhatsApp ɗin wani ɗan ƙungiyar, ya zauna cikin zauren yana karanta hirarsu kamar ɗan gida. Lambobi shidan nan su ne mabuɗin da WhatsApp ke turowa in za a ɗora lambarka a sabuwar waya. Babu taron da ake shiga da su, babu tallafin da ake karɓa da su. Haka lambar da banki ke turowa ta saƙo. Ma'aikacin banki na gaskiya ba zai kira ka ya nemi ita ko lambar sirrin katinka ba, ko da ya karanto maka sunanka da ranar haihuwarka daidai. Ka dai ji nawa ake sayar da waɗannan. Maganin na WhatsApp yana cikin manhajar kanta: a wajen saituna akwai tabbatarwa mai mataki biyu, inda za ka sa wasu lambobi shida naka na kanka. In ba ka iya ba, ɗanka ya kai ka wurin, amma kai za ka danna, shi ya kau da kai. Duk saƙon neman kuɗi kuma, ko daga mahaifinka ne, kira shi ka ji muryarsa tukuna.

Sai rumfar mai caji. Rashin wuta ya sa wayoyinmu na yini a hannun wasu, an liƙa musu lamba an jera a kan katako. Yawancin masu caji mutanen kirki ne masu neman halak, amma rumfa ba mutum ɗaya ke shigarta ba, kuma cire sim a mayar ba ya cin minti biyu. Wanda ya riƙe sim ɗinka ya riƙe bankinka: zai danna *565*0# BVN ɗinka ta fito, ya danna *346# ya nemi NIN, saƙon banki kuma wurinsa zai sauka. Kulle allon waya ba ya hana wannan, domin sim ɗin za a zare a sa a wata. Shi sim ɗin kansa ake sa wa lambar sirri, ta yadda duk wayar da aka sa shi sai ta nema. A yi wannan a natse, da kwalin da sim ya zo a ciki a kusa, domin in an yi kuskure sau uku sai da lambar PUK da ke jikin kwalin zai buɗe. In wayar mai cire batir ce, ba da batirin kawai. Mai WhatsApp kuma ya riƙa leƙa wurin da ke nuna na'urorin da aka haɗa da shi. In ya ga wadda bai sani ba, wani na karanta hirarsa daga nesa, ya cire ta nan take.

A wurin mai POS kuwa abin har ya zama al'ada: a miƙa kati, a faɗi lambar sirri da ƙarfi a gaban layi, wai danna mini idona ba ya gani. Wata ma a takarda ta rubuta ta naɗe katin da ita. Shekarar haihuwa ba lambar sirri ba ce, haka 1234. Layin da ka daina amfani da shi kuma kada ka yar ka manta alhali yana haɗe da banki, domin bayan wani lokaci kamfani zai sayar wa wani da lambar, saƙonnin asusunka su koma wurinsa. Manhajojin bashi na minti biyar su ma a guje su. Da yawansu sai sun kwashe lambobin da ke wayarka, ranar da ka makara su aika wa surukinka saƙon cewa kai ɓarawo ne.

'Yan mata da matan aure, ga taku, kuma ba da faɗa nake yi ba. Hoton da kika tura ya fita hannunki har abada, ko da an ce miki irin mai gogewa ne bayan kallo ɗaya, domin wata wayar na iya ɗaukar hoton allon. Wanda kuka haɗu a Facebook, mai hoton kaki ko na ofis, wanda ya yi alkawarin turo magabata bayan salla, ba ki san ko wane ne ba sai ranar da ya ce ki turo kuɗi ko ya watsa. Kafin ki kai waya gyara, cire sim da katin ajiya, in da hali ki tsaya a gyara a gabanki. Maza kada su ɗauka sun tsira: a Yulin 2024 kamfanin Meta ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya na masu wannan sana'a, kuma akasarin waɗanda suka yi wa tarko maza ne manya. Wanda abin ya riga ya same shi kada ya biya, domin biya na farko shi ke kiran na biyu. A adana saƙonnin, a gaya wa babba guda da aka amince da shi, a kai ƙara. Iyaye kuma, in 'yarku ta zo muku da wannan tana kuka, ku fara da rufa mata asiri. Tsoron dukanku shi ne jarin mai barazanar.

Akwai kuma sirrin da ba naka ba ne balle ka bayar. Ka ga motocin sojoji sun nufi wajen Janbako ko Gora, ka ɗauki bidiyo ka ɗora kana jinjina. Ka sanar da na daji kafin su isa. Ka ɗora hoton gawa kafin a gaya wa uwar mamacin. Mafi haɗari, ka ɗora hoton wani ka rubuta infoma ne a kula da shi, don ka ji a majalisa, ko don kuna rigimar gona. A wannan ƙasa kalmar nan hukuncin kisa ce ba tare da alƙali ba, kuma in ta tabbata ƙarya ce, goge rubutun ba ya tayar da wanda aka binne. In kana da zargi na gaskiya, kai shi ga jami'an tsaro ko hakimi a asirce. Masu kula da zaurukan WhatsApp na gari da na unguwa su zauna su tace mambobinsu, duk lambar da babu wanda zai ce ya san mai ita a cire ta.

Wanda wayarsa ta ɓata ko aka ƙwace, banki zai fara sanarwa a rufe asusu, kafin ya fara jimamin wayar. Kowane banki na da lambar da ake dannawa daga wayar wani a toshe asusu. A tambaya tun yanzu, a rubuta a takarda a ajiye a gida. Daga nan kamfanin layi a rufe sim, sannan 'yan sanda a samu takardar shaida, sannan a sanar da dangi kada su amsa saƙon da zai zo da sunanka. Wanda ya taɓa yi wa wani rajistar layi da NIN ɗinsa ya je ofishin kamfanin a duba masa layukan da ke kan sunansa, a cire wanda bai sani ba. In kamfani ya yi biris, 622 ita ce lambar kai ƙorafi ta NCC, 112 kuma ta kiran gaggawa. Ina roƙon limamanmu su ware minti biyar ranar Juma'a su faɗi maganar lambobi shidan nan kaɗai, malaman Islamiyya su faɗa wa mata, ɗaliban kwalejin Abdu Gusau kuma kowa ya zauna da wayar mahaifinsa da ta mahaifiyarsa a daren nan ya gyara musu.

Shi kawu sai da ya jira kwana bakwai kafin WhatsApp ɗinsa ya dawo, domin ɓarawon ya riga shi sa lambar mataki biyu. Mutum biyu sun tura kuɗi a daren farko, ɗaya ƙanwarsa ce da ta sayar da tunkiyarta da safiyar ranar. Da aka duba sunan da ke kan asusun da kuɗin suka shiga, na wata mata ce, kuma har yau ba mu ji ɗuriyar ko sisi ba.